Mutumin da Ya Hau Doki a Madadina

Ni tela ne. Da keken ɗinki na ciyar da iyalina a Ƙanƙara, da shi na aurar da 'ya'yana, har yau kuma idan idona ya yarda nakan zauna in rage wa jikoki tsawon wando. Amma in ka shiga Faskari ko Sabuwa ka tambayi masu furfura, kaɗan ne za su tuna da ɗinkina. Wasu za su ce maka Kaboyi, wasu su ce Ciyaman. Duka biyun na amsa su shekaru masu yawa.

Son fim ɗin kaboyi ya shige ni tun ina saurayi, lokacin da nake koyon ɗinki a Funtuwa. Ba na jin Turancin da suke yi, don ko firamare ban ƙarasa ba, amma labarin a fili yake. Ga mutanen gari suna noma da kiwo, ga ɓarayi sun zo sun kore shanu, ga mutum ɗaya mai faffaɗar hula ya hau doki ya bi su. Da na dawo gida na shiga cikin masu wasan kwaikwayo, muna yi a filin makaranta lokacin hutu. Da kyamarar bidiyo ta iso ƙasarmu, ni na fara cewa mu yi irin namu. Duwatsu muna da su a Faskari, shanu muna da su, malfa kuwa ga ta nan a kowace kasuwa. Masassaƙi ya sassaƙa mana bindigogi na katako, muka shafe su da baƙin man takalmi. Ni na ɗinka jar riga mai aljihu biyu da wando mai matse ƙafa, na ce ni ne jarumi. Babu wanda ya yi gardama, tunda kayan nawa ne.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne ban taɓa hawan doki ba. Jaki na hau, keke na hau. Na ɗauka duk tafiyar ɗaya ce.

Dokin da za mu yi aikin da shi daga wani ƙauye kusa da Tafoki aka kawo shi, mai shi kuma ya biyo abinshi. Manomi ne mai ɗan kiwo, tsawonmu ɗaya da shi, na girme shi da kamar shekara uku. Sunanshi ba zan rubuta a nan ba don bai ba ni izini ba. Lokacin da ya kamata in rubuta shi ya wuce. Abokan aikinmu mahayi suke ce mashi, ni ma haka zan kira shi.

Ranar farko a gindin wani dutse, ya riƙe mani likkafa na hau. Mai ba da umarni ya ce a buga gwangwani a matsayin ƙarar harbi. Ana bugawa dokin ya zabura, ni kuma sai ganina na yi a cikin kututturan dawa, wandon da na kwana biyu ina ɗinkawa ya yage tun daga gwiwa har sama. Mai ɗaukar hoto, wani siririn mutum mai bakin tsiya, ya leƙo ta bayan kyamara ya ce, "Kaboyi, kai ka karanta labarin, dokin ne ba a karanta mawa ba." Kowa ya yi dariya. Mahayi bai yi ba. Ya kamo dokinshi, ya zo ya ɗaga ni, ya ce a hankali, "Maigida, ba ni rigar nan da malfar. In an ɗauko daga nesa babu mai rabe ni da kai."

Haka muka yi, kuma haka muka ci gaba da yi har fim shida. Duk inda aka ga jarumi yana sukuwa a kan tudu, ko yana tsallake kwazazzabo, ko ya sunkuyo daga sirdi ya ɗauki malfa a ƙasa, mahayi ne. In an zo ɗaukar fuska, sai a kife turmi a ɗora mashi sirdi, in hau ina girgiza jiki ina ɗaure fuska, kyamara tana kallona daga ƙirji zuwa sama. Turmin na wata tsohuwa ne a can kusa, kullum sai ta tsaya a kanmu tana cewa mu yi sauri za ta yi daka.

Da yake mahaya ba su da yawa a cikinmu, shi ne kuma ɓarawon shanu. In ya gama nawa, sai ya tuɓe jar riga ya sa baƙa, ya rataya bindigar katako, ya koro garken da muka aro. A nan fuskarshi a buɗe take, don mai ɗaukar hoto ya ce doguwar fuskar nan tashi tana kyau a kyamara. Magana kuwa ba ya yi. Duk maganar ɓarayi shugabansu ke yinta, wani mahauci mai tumbi wanda shi ma turmi yake hawa. Akwai fim ɗin da mahayi ya kori kanshi da kanshi tun daga rafi har bayan dutse, ya harbi kanshi, ya faɗo. In muna kallo mu kaɗai sai mu yi ta dariya. Mutanen gari kuwa ni suke tafa mawa. A kasuwar 'Yankara har an taɓa kawo mani wani doki mai gardama wai in gwada shi, na ce bayana na ciwo.

Bayan fim na biyu aka kafa ƙungiya. Dalili akwai shi. Masu shirya fim daga manyan birane sun fara zuwa suna kwasar 'yan wasanmu, su wuni da su a rana babu abinci, in wani ya ji ciwo su bar shi a nan su tafi. Muka taru a wani aji a Faskari ranar Asabar, mutanen Ƙanƙara da na Sabuwa da na Faskarin kanta. Aka ce masu son shugabanci su fito gaba, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so. Layina ya fita har ƙofar aji. Wani malamin makaranta daga Mairuwa ya zama sakatare, don shi ne mai kyan rubutu a cikinmu.

Ba zan ce ban yi aikin kirki ba. Ni na tsaya aka sa dokar cewa in lokacin salla ya yi a kashe kyamara ko ana tsakiyar faɗa. Ni na sa ba a ɗaukar mace zuwa wurin aiki sai da sanin gidansu da kuma 'yar rakiya. Da wani ɗanmu ya karye a aikin wasu baƙi, na hana kowa zuwa masu aiki har sai da suka kai shi wurin mai ɗori suka tsaya a kanshi. Sati biyu suna zaune da kyamararsu babu ɗan wasa ko ɗaya. Daga ranar aka fara kirana Ciyaman da gaske.

Amma akwai doka ɗaya da na kawo wadda don kaina na kawo ta. Da aka zo maganar wa za a sa a rajista a ba shi kati, kuma a rubuta sunanshi a ƙarshen fim, na ce sai wanda ya yi magana a gaban kyamara. Hujjata a gaban taro ita ce, in ba haka ba duk wanda ya gitta da kaya a ka zai zo ya ce shi ɗan wasa ne. Mutane suka gyaɗa kai. Sakatare ya aje biro ya ce, "Ciyaman, to mahayi fa? Shi ne fa ke faɗowa daga doki."

Na ce, "Malam, doka ba ta duba mutum ɗaya."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya rubuta. Ya san abin da nake gudu. In aka rubuta sunan mahayi a ƙarshen fim, dole a rubuta abin da ya yi, daga nan kuma duk Faskari za ta san Kaboyi turmi yake hawa.

Shi mahayin bai damu ba. Da aka gaya mashi ya ce, "Kati kuma? In sa shi a miya?" A fim na huɗu mai ba da umarni ya ba shi magana ɗaya, zai ce wa sauran ɓarayi su koro shanun ta rafi. Na ji shi a bayan dutse yana ta maimaita ta, yana gwada murya babba da ƙarama. Na ja mai ba da umarni gefe na ce a ba mahauci maganar. Da aka gaya wa mahayi an canza, ya ce to, ya je ya gyara ɗaurin sirdi.

Shekaru suka wuce. Kaset ya daina tafiya, masu kallo suka koma waya, mu kuma muka tsufa. Ƙungiya ta rage suna kawai, sai in an yi mana rasuwa mu haɗu. Hatiminta yana cikin aljihun teburin kekena tare da zare da allurai. Mahayi ya koma gonarshi, dokin nan ma ya daɗe da mutuwa. Mukan gamu a wurin biki ko jana'iza mu gaisa. Sannan rashin tsaro ya shigo ƙasarmu. Wannan ba sai na ba kowa labarinshi ba, duk wanda ke nan ya san yadda mutane suka koma kallon juna.

A cikin wannan hali wani ya juye tsohon fim ɗinmu zuwa waya. Wani kuma, Allah kaɗai ya san ko wane ne, ya yanko wurin da mahayi yake koro shanu, fuska a buɗe, bindiga a kafaɗa. Ya cire sautinmu ya ɗora muryarshi yana cewa ga ɗaya daga cikin masu addabar mutane, a kula da shi. Hoton ya dushe, ba ka gane bindigar katako ce. Fuskar kuwa ko da ya tsufa ba ta ɓata. Matasan yanzu ba su san fim ɗin ba, wasunsu ba a ma haife su ba lokacin da aka yi shi.

Ana cikin gyaran gona, hadari ya fara haɗowa, mahayi ya zo shagona da hantsi. Ya yi sallama ya zauna a bencin masu jiran ɗinki. Bayan mun gaisa ya ce, "Ciyaman, ka ga abin da ke yawo a waya?"

Na ce na gani. Na gani kuwa, kwana huɗu kafin nan.

Ya ce, "To an hana ni shiga kasuwa."

Kasuwar da yake ci duk mako ke nan, inda yake kai tumaki da hatsi ya sayo taki da gishiri. Ya ce dattawan kasuwar ba su wulaƙanta shi ba. Wasunsu sun ce suna tuna an yi wani wasa da dawaki, amma ba za su iya tsayawa gaban matasa masu sintiri da baki kawai ba. Sun ce ya kawo takarda daga shugaban ƙungiyar 'yan wasa, da hatimi, a rubuta cewa wasa ne kuma shi ɗan wasa ne. Sun ba shi kasuwa uku. A ƙauyensu kuma maƙwabta sun fara janye jiki. Matarshi ta je rijiya, matan da ta tarar suka ɗauki tulunansu suka bar mata wurin.

Ya ce, "Layi biyu ne kawai. Ka rubuta ka buga abin nan."

Hatimin yana ƙarƙashin hannuna, tsakanina da shi katako ɗaya. Na ce, "Malam, ka san ba ka cikin rajista."

Ya yi ɗan murmushi, ya ɗauka wasa nake. "Ciyaman, mi ya kawo rajista? Rigarka fa na sa. Har yau ina jin warin turarenka."

Na ce, "Na sani. Amma abin ƙungiya ba na mutum ɗaya ba ne. Bari in tuntuɓi sauran. Ka dawo mako mai zuwa."

Ya tashi ya ce Allah ya kai mu.

Babu wasu sauran da zan tuntuɓa. Tsoro nake ji. A lokacin ana ta maganar cewa duk wanda ya tsaya wa wanda ake zargi, shi ma a bincike shi. Na riƙa ce wa kaina shekara nawa rabona da sanin shigarshi da fitarshi, in fa wani ɗan uwanshi ya shiga wani abu, hatimina ne zai fito. Wannan shi ne abin da na riƙa gaya wa zuciyata. Ƙarƙashinshi akwai ɗayan tsoron. Na san takarda kaɗai ba za ta isa ba, za a ce in zo in yi bayani, a tambaye ni yadda mutumin da ba ya cikin rajista ya yi fim shida tare da mu. Ina da shekara sittin da wani abu, jikoki sun cika gida, amma ina jin kunyar a ce ban iya hawan doki ba.

Da na ba Hajiya labarin, matata ke nan, tana tsince shinkafa a faranti. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Alhaji, mutumin da ya ɗauko ka daga cikin kara?"

Na ce, "Ke ba ki san yadda gari yake ba."

Ta ce, "Na san yadda kake dai. Ranar da ka dawo da yagaggen wando ni na gasa maka ƙugu. Ni ka ɓoye mawa ko su?"

Na ce ta bar maganar maza. Ta ce ta bari, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Kwana biyu abincina sai dai in tarar da shi a rufe.

Mako ya zagayo, mahayi ya dawo. Na hango shi tun daga bakin titi, na shige ɗakin da nake aje yadi, na ce wa maƙwabcina mai sayar da maɓallai ya ce na tafi gaisuwar mutuwa. Ina jinsu. Mahayi ya ce, "Allah ya jiƙan musulmi. Takalminshi dai ga su nan." Ya zauna a benci har aka kira azahar, ni kuma ina tsaye tsakanin bandir-bandir na yadi ina zufa. Da ya tafi masallaci na fito ta baya na wuce gida.

Daga wurina ya tafi Mairuwa wurin sakatare. Shi Malam bai yi wata-wata ba, ya rubuta takarda da hannunshi, ya raka shi har kasuwar. Dattawan suka karanta suka ce sun gode, amma ina hatimi, ina kuma shugaba? In gaskiya ne mi ya hana shugaban zuwa, ga shi da ranshi da lafiyarshi a Ƙanƙara? Ban ga laifinsu ba. Rashin zuwana ya fi hoton wayar yi mashi illa. Sakatare ya kira ni a waya sau uku a ranar, ina kallonta tana ƙara a kan keke.

A mako na uku mahayi bai zo ba. Na ji sanyi a raina, na ce wataƙila abin ya lafa.

Ruwan shuka ya sauka, aka yi shuka. Wata ranar Laraba sakatare ya shigo shagona ko zama bai yi ba. Ya aje littafin rajista a kan keken ɗinki, a kan rigar da nake ɗinkawa, ya ce, "Ga kayanka. Ya tashi."

Na ce, "Wa?"

Ya ce, "Ciyaman, kada ka mai da ni yaro. Ya sayar da dabbobinshi ta hannun wani, ya bar wa ƙanenshi gona, ya kwashe iyali sun yi kudu. An jefi gidanshi da rana tsaka, jikarshi na tsakar gida. Shi ke nan, asirin turminka ya rufu."

Ya juya ya fita. Tun muna samari bai taɓa yi mani magana haka ba.

Abin da na kasa yi a mako uku, a kwana biyu na yi shi. Na tono kaset ɗin daga ƙasan akwatin Hajiya. Na samu wani mai gyaran rediyo da har yanzu yake da tsohuwar na'urar bidiyo, ya goge mata kai ta tashi. Ranar kasuwa muka ɗora ta a mota da talabijin da ƙaramin janareta. Na rubuta takardar da hannuna, rubutuna ba kyau amma ana karantawa, na buga hatimi har sau biyu don tawadar ta bushe. Na roƙi dattawan kasuwar su ba ni rumfa ɗaya, su kira shugaban masu sintiri.

Aka kunna fim tun daga farko. Mutane suka taru har masu awo suka bar buhunansu. Da aka zo wurin da aka yanka, sai ga mahauci ya fito da tumbinshi yana cewa a koro su ta rafi, wani dattijo ya ce, "Kai, wannan ai mai naman nan ne, Allah ya jiƙanshi!" Aka fashe da dariya. Na sa aka tsai da fim, na hau benci. Na gaya masu cewa bindigar katako ce, ga masassaƙin nan da ranshi a Faskari. Na ce shanun aro ne. Na ce wanda suke gani da jar riga yana bin ɓarawon shi ma mahayi ne, ni ban taɓa yin taku goma a kan doki ba, turmi nake hawa. Na ce ya zo wurina sau biyu neman takardar nan, na farko na sallame shi da ƙarya, na biyu na ɓuya a cikin yadi.

Wani daga baya ya ɗaga murya, "Baba Kaboyi, turmin na daka ko na surfe?" Aka yi dariya sosai. Na jira abin da na shekara talatin ina tsoro, na ga iyakarshi ke nan, dariyar minti biyu. Shugaban masu sintiri, wani matashi mai natsuwa, ya karɓi takardar ya karanta, ya ce, "Baba, da ka zo tun farko ai da ba a kai nan ba." Babban dattijon kasuwar ya sa mai shela ya zagaya ya faɗa cewa mutumin ba shi da laifi, kasuwa tashi ce duk ranar da ya so. Wasu matasa suka ɗauki bayanina a waya suka tura. Ban sani ba ko ya kai inda na farkon ya kai.

Ƙanen mahayi ya yi mani kwatancen inda suke. Wani gari ne a ƙasar Kaduna, mota biyu na shiga. Na same shi yana yi wa wani mai kuɗi kiwon raguna a bayan gida, mutumin da duk rayuwarshi nashi yake kiwo. Ɗaki biyu suka kama a gidan haya. Ya shimfiɗa mani tabarma a zaure, ya kawo ruwa, muka gaisa kamar jiya muka rabu. Ya tambayi Hajiya, ya tambayi ruwa a wajenmu, na ce damina ta yi kyau, dawa ta kai ƙugu.

Na fiddo takardar na miƙa mashi. Ya ce, "Ka san ban iya boko ba. Karanta in ji."

Na karanta. Na ba shi labarin kasuwa, da shelar da aka yi, da abin da na faɗa a kan benci. Da na zo wurin turmi ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Ka faɗa masu? Da bakinka? Kai, da ina nan!" Sannan ya share ido.

Na ce, "Ka koma gida, Malam. Ni zan zo da mota in kwashe ku."

Ya ce, "Ƙanena ya shuka gonar, ba zan je in tsaya mashi a kai ba. Wanda ya jefi gidana kuma na san shi, tare muke sahu a masallaci. Shela ba ta goge wannan. Wataƙila baɗi. Wataƙila a'a." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Amma wannan zan riƙe, ko don jikokina."

Na ce ya yafe mani. Na faɗi abubuwan ɗaya bayan ɗaya don kada ya ɗauka na takardar kaɗai nake nufi.

Ya ce, "Ciyaman, abin da ya shafe ni na yafe, duniya da lahira. Ni da kai mun sha rana tare. Amma akwai wadda aka bar wa rijiya. A ƙauyen nan aka haife ta, uwarta da 'ya'yanta biyu a can suke kwance. Tunda muka zo nan ba ta leƙa ƙofar gida ba. Nata ba ni da ikon yafewa. Ka tambaye ta."

Ya shiga ciki ya yi mata magana. Ta zo ta tsaya a bayan labulen zaure, ƙafafunta kawai nake gani. Muka gaisa. Na maimaita mata abin da na faɗa wa mijinta, ban rage komai ba. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Alhaji, na ji. Kai ka ɗauki mako uku kana shawara. Ni ma ka ba ni lokaci in yi tawa."

Na ce ta ɗauki duk lokacin da take so. Ta ce a gaida Hajiya, ta koma ciki. Duk da haka ta aiko mani da tuwo, na ci, mahayi ya raka ni tasha.

Damina biyu ke nan da wannan tafiya. Ba su dawo ba. Duk ƙarshen wata ina kiranshi mu gaisa, ya ba ni labarin ragunan mai gidanshi, in ba shi labarin wanda ya rasu da wanda ya aurar. Kafin mu aje waya nakan ce ya gaida mai ɗakinshi, ya tambayar mani ita ko ta gama shawara. Watan da ya wuce ya ce ta amsa gaisuwar, ɗayar maganar kuma ta ce tukuna.